Agogon Maser da Azumin Unguwarmu

Ƙofar Taramniya, Sakkwato

Ƙanena Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin Turai? Da fatan maiɗakinka Hajara da yara suna lafiya. Mu nan sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Ka ce agogon maser na wurin aikinku, wanda ake bin sawun kumbon sararin samaniya da shi, da wuya ya kuskure ko daƙiƙa. Ni kuwa tun da idon ladanmu Baba Sambo ya raunana, da agogona yake kiran magariba. Na ce, in yana sauri fa? Ke nan na sa unguwa shan ruwa kafin lokaci.

Kwana bakwai ina gwada shi da na rediyo, ina rubutawa a littafina. Ashe jinkiri yake yi, minti biyu. Da na gaya wa Baba, dariya ya yi, ya ce, "Bello, lada ka ƙara muna. Gyara shi, ka taho mu sha hura."

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara. In za ka dawo, bar musu maser ɗinsu, agogon hannu mai kyau ya ishe mu.

Yayanka,
Bello