Hoton da Aka Liƙa a Tashar Gummi

Gummi, Litinin 4 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Halilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Goggo Uwani da yara. Tun da aka katse layin waya ba ni da hanyar jin muryarka, shi ya sa na ba Shehu direba wannan takarda ya kawo maka.

Kawu, raina a ɓace yake. Ranar Alhamis da muka baro Anka bayan an duba ƙafar Inna, wata ƙaramar mota ja muka shiga. Tun daga bakin tasha direban yake gudu, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana ɓarar gyaɗa. Duk ramin da ya faɗa sai Inna ta ciji leɓe. Na ce, "Malam, don Allah a rage, akwai mara lafiya." Ya ƙara wuta. Na sake faɗa. A na uku ya taka burki bayan mararrabar Bukkuyum, inda babu gida babu rumfa, ya ce, "Ke malama, tunda kin fi ni iya tuƙi, sauka ki tuƙa ƙafarki." Na ɗauka wasa ne, sai da na ga ya buɗe but ya dire jakarmu a ƙasa. Cikin fasinjoji wani tsoho kaɗai ya ce, "Haba ɗan nan." Suka tafi.

Awa biyu muna zaune a gindin wata sabara. Ka san hanyar nan, ka san lokacin da muke ciki. Duk motsin da na ji a gonar dawa sai in miƙe in duba. Wata motar buhuna ce ta ɗauke mu. Har yau ƙafar Inna a kumbure take.

Amma na ɗauke shi hoto yana rufe but. Hoton ya yi dishi-dishi, don ƙura ta tashi, sai dai zan gyara shi in zana a kansa. Tunda makaranta a rufe take, ba ni da ɗalibai sai shi. Manhajar zanen ce ke ba ni haushi. Rabin burushin cikinta ba sa buɗewa sai da layi, kuma in na ce ta fitar da hoto babba, wayar ta yi ta zafi kamar dutsen guga, ta kai kusan ƙarshe ta mutu. Sau biyu ina kai ta caji jiya. Duk da haka sai na gama. Sai duk wanda ya shiga tashar Gummi ya san fuskar mutumin nan.

Ka gaida kowa da kowa.

Taka,
Shamsiyya

*

Anka, Alhamis 7 ga Oktoba

Ɗiyata Shamsiyya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ki yi wa Yaya Zulai sannu, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Ba zan ce miki kada ki yi fushi ba. 'Yar'uwata ce aka zubar a daji. Da na gan shi ranar, da tsufana da komai, sai an riƙe ni.

Sai dai ina da magana a kan aikin. Shekara talatin na yi ina koyar da zane, kuma abin da na fara koya miki kina 'yar aji uku shi ne ki kalli abu sau goma kafin ki ja layi ɗaya. Ban ƙi zanen waya ba. Ni ma ina taɓawa, kuma ina son yadda mutum ke goge kuskure ba tare da ya huda takarda ba. Kalolinta ma sun fi na kwalin da muke saya, wanda shuɗinsa ke bushewa kafin zangon karatu ya ƙare. Abin da na tsana shi ne maɓallin nan na gyaran fuska. Na gwada shi a hotona, ya mayar da ni saurayi ɗan ashirin, fari sol, sumul kamar 'yar tsana. Goggonki ta duba ta ce, "Wanga kuma ɗan wane ne?" Manhajar ba ta san mu ba. Duk abin da ta gani a fuska, datti take ɗaukarsa.

Saboda haka kafin ki buga, ki aiko mini in gani. Kuma ki auna abin da za ki rubuta a ƙasansa. A wannan zamani kalma ɗaya a bango tana iya jawo wa mutum abin da ba ki nufa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Halilu

*

Gummi, Asabar 9 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Takardarka ta same ni bayan na gama. Ga kofi ɗaya na sa maka a ciki.

Ka duba aikin nan, don Allah! Maɓallin da kake zagi shi ya cece ni. Ya share dishi-dishin tas, fuska ta fito, na bi ta da baƙin layi, na sa jar motar a baya. A karo na huɗu wayar ta haƙura ta fitar da shi. Na buga talatin. A ƙasa na rubuta: WANNAN DIREBAN YANA SAUKE MATA A DAJI. Na sa hannu a gefe kamar yadda ka koya mini, don ban yi abin ɓoyewa ba.

Jiya bayan sallar Juma'a aka liƙa su a tasha, an aika goma Bukkuyum. Yau da na wuce, mutane cincirindo a jikin bango. Samari suna ɗauka a waya suna tura wa juna ta bulutut. Na ji wani yana cewa, "Ai wanga ɗan Bukkuyum ne, na san shi." An ce shugabannin tasha sun hana motar lodi.

Kawu, na ci tuwo malmala biyu yau. Inna ta ce in ji tsoron Allah. Na ce shi ma da ya ji, da ba mu zo nan ba.

Taka,
Shamsiyya

*

Bukkuyum, Laraba 13 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Shamsiyya Makau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna ta samu sauƙi. Ba ki san ni ba. Sunana Tasi'u, ni ne wanda kika zana. Na ga sunanki a gefen hoton, na tambaya aka ce malamar firamare ce.

Malama, ban taɓa ɗaukarki a mota ba. Jar motar ta gidanmu ce, ni da wana Naziru muke karɓa-karɓa, shi Alhamis zuwa Asabar, ni sauran kwanaki. Muna kama ƙwarai. Abin da ake gane mu da shi ɗaya ne: shi yana da bille a kumatun hagu, ni ba ni da shi, don lokacin da aka haife ni Baba ya daina bari wanzami ya yi wa yara aska a fuska. Wanda ke jikin bangon nan ba shi da bille.

An cire ni daga layin lodi a Gummi da Anka da nan. Da abin ya tsaya nan da na daure. Amma magana ta sauya a bakin mutane. Yanzu cewa ake yi ina sauke mata ne don in miƙa su ga mutanen daji. Shekaranjiya a masallaci wanda ke gefena ya ja baya ya bar sahu da giɓi. Matata ta daina zuwa famfo.

Ban rubuto don in wanke Naziru ba. Abin da ya yi muku bai da kyau. Bara mutanen daji sun tare shi a wannan hanya, ya kwana huɗu a hannunsu, tun daga nan in ya hau titi ba ya jin maganar kowa. Ina roƙonki ki faɗa wa shugabannin tasha cewa ba ni ba ne. Amma don Allah kada ki gyara hoton ki sa billen. Yadda maganar nan ta yi zafi, in ta koma kansa ban san inda za ta tsaya ba. Yana da 'ya'ya shida.

Na gode da karantawa.

Tasi'u Abubakar

*

Gummi, Alhamis 14 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka karanta takardar da na haɗa da wannan tukuna.

Na buɗe hoton farko na ja shi har ya cika waya. Billen na nan, Kawu. Ɗan layi ne baƙi daga gefen hanci, cikin dishi-dishin. Manhajar ta goge shi tare da ƙura, ni kuma ban duba ba, don sauri nake yi in ga an wulaƙanta shi.

Na ji kunya, amma wallahi fushina ya ninka. Kwana shida hoton ƙaninsa yana bango, ana kiransa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, shi Naziru yana ina? Shehu ya ce an gan shi a rumfar mai shayi yana cewa, "Allah ya kyauta, yaran yanzu sai addu'a." Wanda ya zubar da tsohuwa a daji, ya kuma zubar da ɗan'uwansa a tasha.

Na riga na mayar da billen. Layi ɗaya ne, bai ɗauke ni minti ba, wayar ma ba ta yi gardama ba wannan karon. Yana nan a ajiye. Hannuna ƙaiƙayi yake in buga ɗari. Ka ba ni dalili ɗaya da zai hana ni.

Shamsiyya

*

Anka, Asabar 16 ga Oktoba

Ɗiyata,

Wa'alaikumus salam. Ga dalilin. Ke kika rubuta kalma bakwai, gari ya ƙara sauran, kuma ba ki iya hana shi ba. In kika liƙa na biyu, sauran da garin ya ƙara za su bi shi har gida. Abin da Naziru ya yi ya isa a hukunta shi. Abin da ake faɗa kuwa kashe mutum ake yi a kansa.

Bango ba ya amsa tambaya. Ki je da ƙafarki gaban shugabannin tasha, da rana, mutane na ji. Ki faɗi abin da aka yi muku, kada ki rage kada ki ƙara. Ki faɗi kuskurenki da bakinki kafin ki faɗi na wani. Zai yi ɗaci, na sani. Amma yaron nan Tasi'u ba zai koma layi ba sai an ji daga gare ki.

Ban ce ki yafe wa Naziru ba. Wannan tsakaninki da shi ne da Yaya Zulai.

Ina alfahari da hannunki, har yanzu.

Kawunki,
Halilu

*

Gummi, Laraba 20 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya.

Na je ranar Litinin. Na yage hotunan da hannuna, 'yan kamasho suna kallo, wani yana cewa, "Malama, yau kuma gogewa aka zo yi?" Na tsaya gaban shugaba na ce wanda na zana bai yi mini komai ba, kuma babu wanda ya miƙa mu ga kowa, sauke mu aka yi don na ce a rage gudu. Ya ce, "To wa ya sauke ku?" Naziru na zaune a benci, bai fi taku biyar ba. Ban kira sunansa ba. Juyawa na yi na kalle shi, na ci gaba da kallonsa, har duk tashar ta juya tare da ni. Ya daɗe kafin ya miƙe. Wata uku aka ba shi ba tuƙi, kuma zai zo gida ya durƙusa gaban Inna. Na ce mata ranar ta sa ni kusa, ina so in gani.

An mayar da Tasi'u layi. Sai dai jiya motarsa ta yi awa uku a gaban layi, babu wanda ya shiga. Mata su leƙa, su ga fuskarsa, su koma ta baya.

Saboda haka gobe Alhamis ka jira mu a tashar Anka. Ranar ganin likitan Inna sai mako mai zuwa, amma ta ce ba komai, za ta zo ta gaida Goggo. Na kama mana kujerar gaba a jar motar, kuma za mu zauna a ciki tun bakwai na safe, gilashi a sauke, har ta cika. In ba ta cika ba, mu biyu za mu taho.

Taka,
Shamsiyya