Baƙin Mai a Akwatin Tsuntsaye

Ogbomoso.

Zuwa ga 'yata Morenike,

Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Ubangiji ya kiyaye ki da maigidanki da yara a cikin wannan sanyi naku. Ƙafata ta yi sauƙi, mun gode wa Allah.

Kafin komai, wajibi ne in gyara abin da ƙanenki Dotun ya gaya miki ta waya. Ba iska ce ta ka da akwatin mahaifiyarku da ake zuba wa tsuntsaye abinci a ciki ba, kuma ba a jefar da shi ba. Gara ce ta cinye ƙafarsa. Dotun gwani ne wajen ba da labarin abin da bai tsaya ya duba ba.

Kin san tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da ita, ba ta da abin kallo sai wannan akwati da ke gindin mangwaro, daura da tagarta. Ba ta shan kokonta sai kurciyoyi da kanari sun sauka kan tsakin masara. Har sunayen matan coci ta raɗa musu. Wadda ta fi haɗama ta sa mata sunan gwaggonki Abeke.

Da na ga ɓarnar, na kira Lasisi kafinta, na tsaya a kansa har ya sake ƙafar daidai da ta dā. Sannan muka yi abin da kowa ke yi wa katako a garin nan: muka shafe shi da baƙin man mota, ciki da waje, don kada gara ta dawo. Lasisi ya ce jikokina ma za su gaje shi. Lallai gara ba ta dawo ba. Tsuntsayen ma haka.

Na wanke da sabulu da ruwan zafi, na kankare, na shanya, amma man ya riga ya ratsa itacen. Na sa an ƙera sabo fil. Sai tsuntsayen su sauka kan katanga, su dube shi, su wuce gidan maƙwabta. Abeke ta ce na ƙare ƙuruciyata ina bulalar masu makara, ga shi yau ɗalibai sun ƙaurace wa hedimasta gaba ɗaya. Ban ga abin dariya ba.

Yanzu mahaifiyarku bango take fuskanta, koko yana hucewa a gefenta. Likita ya ce bai ga sabon ciwo ba. Shekaranjiya da ta ji ina kaɗa masara a kwano, ta ce, "Baba Morenike, daina wahalar da kanka. Sun sami wani gida." Daga nan ba ta ƙara magana ba. Ni da na saba a kawo mini matsala in warware, ban san ta inda zan kama wannan ba. Kin ce a can kowane gida yana da irin wannan akwati. Ki tambaya mini yadda ake dawo da su. Kuma ki kira ta ranar Lahadi bayan sujada. Ko ba ta amsa ba, ki ci gaba da magana.

Ki gaida maigidanki Folarin, da Tinuke, da ƙaramin Gbenga. Abeke da Dotun suna gaisuwa.

Mahaifinki,
A. O. Oyedokun

Abin da na haɗo: zanen sabon akwatin da awonsa, hoton Gbenga da kika nema a mayar miki, da farar takarda guda. Na zauna kusa da mahaifiyarku da alƙalami don ta faɗi saƙonta gare ki, tun hantsi har la'asar. Na sa takardar yadda take.