Kafaɗar Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki, ya ciwon ƙafar? Ya maigidan da yara da jikoki? Allah ya ƙara lafiya, amin.

Ki gafarce ni da na ɗora miki karatun wasiƙa alhali na san idon sai da tabarau. Da waya zan kira, to na san halinki, sai ki buɗe muryar duk tsakar gida su ji, maganar kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Mai yiwuwa ma ba komai, saƙe-saƙena ne kawai.

Zancen Auta ne. Kin san kamfaninsu ya ba direbobi kwat mai ruwan toka, kuma ba a miƙa wa mutum makullin bas sai yana sanye da ita. Wata uku da suka wuce ya kawo mini tasa shago, wai ta yi masa wani iri a kafaɗa. Na tsayar da shi gaban madubi, na ga ta dama ta ɗan sauka, har yadin ya tattare a bayan hammata. Ban damu ba. Shekara ashirin da biyu ina kan keken ɗinki, ban taɓa auna mutumin da kafaɗunsa suka zo daidai ba. Gyaran kuma sananne ne: a farke shafin ciki, a ƙara soso falle ɗaya a gefen da ya sauka, a mayar da ɗinki. Ya sa, ya juya gaba ya juya baya, ya ce ashe Ustaziya ba wa'azi kaɗai ta iya ba, har da rufin asiri. Kin san bakinsa.

Shekaranjiya ya dawo da ita. Bakin hannun dama ya sauko har ya kusa rufe masa yatsu. Na zaci soson ne ya kwanta, na farke, na tarar da shi yadda na sa shi. Na ɗora tef daga wuya, na sa alli, na auna har sau uku don kada in yi wa idona shaidar zur. Kafaɗar ce ta ƙara sauka, naman wurin kuma ya zube, ƙashi kawai hannuna ke ji. Na ƙara falle na biyu. Da zai sa maɓalli sai na ga da hagu yake fama, Autan da ko ƙofa ba ya turawa da hagu. Na tambaye shi, ya ce a kanta ya kwana.

Ke kika goya shi bayan rasuwar Inna. Ko kin tuna ya taɓa faɗuwa a kan wannan kafaɗar yana ƙarami? In akwai haka, hankalina zai kwanta.

Ki gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ƙanwarki mai ɗinki.

*

Yayata,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kun wuni lafiya ke da mutanen gida. Amsarki ta zo, na gode. Kin ce bai taɓa faɗuwa ba, wataƙila sanyi ne, a shafa masa man zafi. Na so ƙwarai a ce haka ne.

Ranar Litinin ya sake kawo kwat ɗin, wannan karon wai ɗinki ne ya buɗe. Na shimfiɗa ta a kan tebur ina neman ɓarakar a dama, sai na same ta a hagu, ta baya, daga hammata zuwa tsakiyar gadon baya. Yaya, yadi ba ya ƙarya. Ba zama ke buɗe ɗinki a wannan wurin ba, sai in mutum yana miƙa hannun hagu ya tsallaka jikinsa zuwa dama, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Me ke hannun daman direba in ba giya ba? Na kai ido kan wandonsa, gwiwar hagu ta yi sheƙi kamar an goge ta da dutsen guga. Nan na gane da abin da yake tokare sitiyari in hagun ta tafi canja giya.

Na tura ƙofar shago, na faɗa masa abin da na karanta a jikin rigarsa. Ya yi dariya tukuna, ya ce da bokanci na kama da tuni na yi gidan sama. Da ya ga ban taya shi ba, sai ya zauna a bencin masu jira. Can ya ce yatsun sukan mutu ba sallama, hannun kuma ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji. Bai je asibiti ba, don takardar likita kamfani take komawa. Kullum da safe shugaban direbobi yakan jera su ya dube su daga hula zuwa takalmi, kuma bara ya sallami wani a tsaye saboda rawar hannu. Wata biyar ya rage wa Auta ya ajiye aiki. Shekara ashirin da tara, ko kaza bai taɓa takawa ba, ya ce ba zai fita ta ƙofar baya kamar ɓarawo ba.

Ya kira ni da sunan da yake kirana yana yaro, ya ce in rantse ba zan faɗa wa matarsa ko mutanen kamfani ba. Bakina ya riga hankalina, na rantse. Sunanki bai zo a rantsuwar ba, shi ya sa nake rubuto miki, ko da yake na san wannan dabarar mai neman mafita ce, Allah ya yafe mini.

Falle na uku yake so. Na ce ya bar ta zuwa Laraba. Ga ta nan a rataye tana kallona, kafaɗa ɗaya a buɗe. Tun muna gaban allo aka koya mana cewa mai ɓoye aibin kaya ba a yi masa albarka. To ni ba kaya nake ɓoye wa aibi ba. Kujera hamsin da biyu ce a motar nan, na taɓa ƙirgawa. Duk sanda na ji jiniya ta wuce bakin titi sai ƙafata ta tsaya a kan keke.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa, kuma a hannun maƙwabcinmu mai zuwa wajenku na ba da wannan don ta isa yau.

Zan faɗa miki abin da na yi, ba don ina alfahari da shi ba. Na cire soson gaba ɗaya, har fallen farko. Na ɗinke ɓarakar, na mayar da kwat ɗin yadda kamfani ya ba shi ita. Na ce a raina bakina ne ya rantse, allurata ba ta rantse ba, in shugabansu mai ido ne ya gani da kansa.

Jiya Laraba ya zo. Na taimaka masa ya sa, ya tsaya gaban madubi. Yaya, ban san abin ya kai haka ba sai da na gan shi babu ciko. Kafaɗar ta rataya kamar riga a kan ƙusa. Ya daɗe yana kallon kansa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi, bai yi ko ɗaya ba. Ya ce sannu da aiki, Ustaziya. Sannan ya durƙusa gaban kwandon ƙyallaye, ya tona da hagu, ya tsince soson nan ya cusa a aljihu, ya fita bai waiwayo ba. Sai bayan tafiyarsa na ga babu babbar allurata a jikin matashin allurai.

Yau da hantsi matarsa ta biyo ta shago tana dariya, wai maigidan ya koma tela da tsufansa, ya kulle ɗaki ya yi ta ɗinki, ya fito duk ya sossoke yatsa. Tana murna kuma, wai da safe shugabansu ya yaba masa a gaban kowa, ya ba shi doguwar hanyar nan ta kan tsauni mai yawan kwana daga ranar Asabar, don ba a ba da ita sai ga wanda bai taɓa haɗari ba. Na ce Allah ya tsare. Abin da na iya cewa ke nan.

Ba ta daɗe da fita ba sai ga mai sayar da zare ta kusa da ni. 'Yarta mai tsohon ciki za ta tafi wajen mijinta, kuma da gangan ta yankar mata tikitin Asabar, don ta ji ƙanina ne zai ja. Ta ce yanzu za ta yi barci da ido biyu rufe, tunda 'yarta na hannun ɗan gida. Ta dafa kafaɗata tana sa mini albarka.

Kaffarar rantsuwa ba ita ke damuna ba, azumi uku ne ko ciyarwa, na san hukuncin. Abin da ke damuna, in na taka ƙafa na je ofishinsu, Auta ba zai ƙara taka ƙofata ba har ɗayanmu ya koma ga Allah, kuma a tsaye za a sallame shi gaban yaran da ya koya wa tuƙi. In ke kika ce ya ajiye makullin da hannunsa ya tafi asibiti, zai yi ƙunƙuni amma zai ajiye. Bai taɓa tsallake maganarki ba. Tawa kuwa kin ga inda ta ƙare, a kwandon ƙyallaye.

Ofishin yana rufewa ƙarfe huɗu ranar Juma'a. Na riga na tambayi hanya, na kuma goge mayafina. In ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarfe uku na gobe, zan rufe shago in tafi.

Don Allah, Yaya, ki ba ni amsa da wuri.

Wassalam. Ƙanwarki mai ɗinki.