Abin Da Ya Sa Baba Ba Ya Hira a Waya

Old Trafford, Manchester
9 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Yaya Justina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Kafanchan. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma muna nan kalau. Maigidana Tomas yana aikin dare har yanzu, Mama kuwa kin san ta, kullum sai ta yi faɗa da sanyin ƙasar nan.

Yaya, na ji ƙorafinki cewa Baba ya daina hira da ke a waya, har kina tambaya ko wani laifi kika yi masa. Ba ki yi komai ba. Na kasa faɗa miki da baki ne, shi ya sa na ɗauki biro. Baba ba ya jin ki.

Kin tuna Alfred, ɗan Pankshin ɗin nan mai ƙaramin shagon gwajin ji a bayan layinmu, wanda ya sa wa Baba na'urar kunne shekara biyar da suka wuce? Ya rufe shagon tun Afrilu. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aikin duba tsofaffin da likitan unguwa, wato GP, ke turo masa sai aka ba wani babban kamfani mai rassa ko'ina. Shekara goma sha ɗaya yana wurin, amma cikin wata shida ya tattara kayansa.

Sai da ya tafi na gane abin da yake yi mana. Alfred bai taɓa tambayar Baba ko yana ji da kyau ba, don ya san dattijonmu ba zai ce wa mai taimakonsa aikinsa bai yi ba. Sai ya sa Mama ta tsaya a bayan Baba tana ba shi labarin gona da Hausa, shi kuma yana kallon fuskarsa yana gyara na'urar kaɗan-kaɗan. In Baba ya juya ya ƙaryata ta kan yawan buhunan citta, to gyara ya yi. Wani lokaci awa guda muke yi, har da shayi.

A Yuni na'urar ta lalace, muka je kamfanin suka ba shi sabuwa. Ba zan ce ba su da kirki ba, amma minti ashirin ne, kuma duk zuwa sabuwar fuska. Yarinyar da ta duba shi ta tambaye shi ko ya yi daidai, Baba ya yi murmushi ya ce ya yi, ya gode, Allah ya yi albarka. Sau uku muna komawa, sau uku yana godiya. Na ce musu kunya ce kawai, suka ce abin da mai kunnen ya faɗa shi za su rubuta. Raina ya ɓaci har na yi wa Baba tsawa a bas, abin da ban taɓa yi ba, kuma har yau yana damuna.

Makon jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham neman Alfred, don na ji can ya koma. Na same shi a unguwar Selly Oak, sanye da rigar wannan kamfanin dai. Ya fito lokacin hutunsa muka tsaya a bakin titi. Ya ce shi ma minti ashirin ake ba shi, kuma babu gurbi sai ƙarshen Nuwamba. Ya rubuta sunan Baba, ya ce lallai mu zo da Mama. Da zan tafi ya tambaye ni ko Baba yana waƙa a coci har yanzu. Na ce ya daina, sai ya sunkuyar da kai.

Ranar Lahadi da kika kira kamar yadda kika saba, Baba ya riƙe wayar minti goma yana ta cewa to, to, madalla. Da ya ajiye, ya juyo ya tambaye ni wa ya kira. Na ce ke ce. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce kada in gaya miki, don kada ranki ya ɓaci. Ga shi na gaya miki. Ki rubuto masa wasiƙa, Yaya, da manyan baƙaƙe, idonsa yana gani sarai. Amma kada ki daina kira, don tun Asabar yake sa wayar a caji.

Ki gaishe da Baba Kambai da Inna Raki, da Gamaliel da amaryarsa, da Angelina. Mama tana gaishe ku duka. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Celestina