Haƙorin Hamidu

Illela,
8 ga Afrilu, 1985

Baban Hamidu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya zaman Ƙonni? Allah ya sa a buɗe iyakar nan ka dawo gida. Attahiru mai babur zai kawo maka wannan ta daji.

Mu dai lafiya, sai Hamidu. Haƙorinsa na ciki ya ruɓe, kumatu ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Mai cire haƙori na kasuwa ya ce a samo ƙarti su danne shi. Ɗan shekara huɗu! Na ɗauke ɗana muka fito.

Mun je Sakkwato. Likita ya ce hanya biyu ce: ko allura a dasashi yana ido biyu, ko ya shaƙi iskar barci. Ka san ɗanka, bai bari ko a leƙa bakin ba, sai da ya ciji nas. Don haka barcin za a yi, ran Laraba. An ja mini kunne ƙwarai kada komai ya shiga cikinsa tun asuba, don in ya yi amai cikin barcin, cikin huhunsa aman zai tafi.

Na gaya wa Inna, mahaifiyarka. Ita kuwa dariya ta yi, wai ita ba ta taɓa jin maganin da ake haɗawa da yunwa ba. Ta ce sai ta raka mijinta, ka san haka take ce masa. Ni dai barcin da ba shi ya kawo kansa ba tsoro yake ba ni.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Lubabatu

Asibiti, Sakkwato,
Laraba

Baban Hamidu,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yin sa.

Tun daga tasha yake kukan yunwa, na daure na hana. Da muka iso na bar shi wurin Inna na bi layin kati, na dawo na tarar ya yi shiru. Nas ta tambaya ko ya ci wani abu, na rantse mata bai ci ba. Aka sa masa abin roba a hanci, ina kallo ya yi laƙwas, aka fito da ni.

Muna zaune a benci Inna ta buɗe kwanon sha tana ɗauraye shi, hankalinta kwance. Ta ce, “Mi za a yi da mijina da ciki wayam? Fura na dama mai, ya sha ya ƙoshi.”

Na ruga na buga ƙofa na gaya wa nas. Ko zagina ba ta yi ba, ta juya da gudu. Na ji tari daga ciki, daga baya na daina ji. Wani likita ya shige da sauri, an kuma rufe ƙofar. Har yanzu ba wanda ya fito, Inna kuwa sai tambayata take yi mi ya faru.

Kada ka jira a buɗe iyaka. Ka hau bayan Attahiru ka taho yau.

Matarka,
Lubabatu