Kada a Ninke Ganyen Jego

Zuwa ga 'yata Malsun,

Gaisuwa mai yawa daga Tsushima. Ya nauyin jiki? Ya mijinki da kakarki?

Ni lafiyata ƙalau. Ruwan nan ya fi namu na Jeju sanyi, kunnena na hagu kuma ya toshe saboda nutso, amma na dama yana ji, kada ki damu. Watanki ya kama, na kasa zaune na kasa tsaye, mai jirgi kuwa ya ce ba mai tafiya gida sai an gama yankan ganye.

Na ba Dokku matuƙin jirgi miyok, ganyen teku na miyar jegonki. Da hannuna na yanko shi a ƙasan teku, na shanya, ya fi ni tsawo. Dokku wai, "Inna, in ninke shi biyu mana?" Na ce, "Ninke wuyanka! Ana ninke ganyen mai ciki? So kake haihuwa ta zo mata da gardama?" A miƙe zai kawo shi. In ƙofa ta hana shi shiga, a cire ƙofar.

Allah ya raba lafiya. Ni ya kamata in tsaya kan tukunyar nan, Malsun. Ki tuna wa kakarki ba kya son gishiri da yawa.

Mahaifiyarki,
Okryon