Sunan Da Aka Karɓe Wa Owona

Nkolndongo, Yawunde
Talata, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Yaya Zambo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mengue da yara duka. Yaya gwiwar nan taka da sanyin Kanada? Allah Ya sauwaƙe, Ya ƙara maka nisan kwana. Mu nan da sauƙi. Ruwa ya fara ɗaukewa, a ƙauye ana ta shanyar 'ya'yan koko. 'Yata Nanga ta sauka lafiya a Duwala, an sami mace, kuma kowa ya ga jaririyar sai ya ce hancin gidanmu ne ta kwaso. Gwaggo Assomo an yi mata aikin ido, yanzu tana gani rangaɗau, har ta dawo da faɗan da muka ɗan huta da shi. Maganin hawan jinin da ka aiko ya iso hannuna, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Yaya, ka yi ta tambayata a waya me ya sa muryata ta canza, ni kuma ina ta kewaye-kewaye. Ba ɓoye maka nake yi ba, ɗana Owona ne yake gida koyaushe yanzu, bangon kuwa ka san yadda yake, ko tari ka yi ana ji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar tasa ce. Ɗanka ya bar aiki, maganar aurensa ta lalace, kuma rabonsa da ƙofar gida tun kafin a koma makaranta. Ba haɗari ya yi ba, ba wani sabon ciwo ya kama shi ba. Sunan lalurarsa aka canza, shi ke nan abin da ya faru, kuma da wani ne ya ba ni labarin nan da na ce ya cika ƙari.

Kai shaida ne a kan sunayen da yaron nan ya sha tun yana ƙarami. Lokacin da ya ƙi kallon idon mutane, yana toshe kunne in an buga ganga, dangin ubansa cewa suka yi ɗan ruwa ne, har kakarsa ta ce a kai shi bakin kogin Nyong a ga ko zai koma inda ya fito. Kai ne ka tsaya a tsakar gida ka ce duk wanda ya taɓa shi sai ya bi ta kanka. Daga nan likitan farko ya ce taɓin hankalin yara ne, ya kuma dube ni ya ce irin wannan daga uwa yake, wai ban rungume shi yadda ya kamata ba. Na yi shekaru ina ɗauke da wannan magana kamar dutse a ƙirji. Sai da ya shiga sakandare Allah Ya haɗa mu da Dokta Abomo, wadda ta zauna da shi ta saurare shi, ta ce ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, ba kuma laifina ba ne, abin yana da suna, ana ce masa Asfaja. Ta ce ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, hanyar da take bi ce daban. Ranar nan a cikin tasi yaron ya yi ta maimaita kalmar, ya ce da ni ashe akwai irinsa a duniya, ashe ba shi kaɗai aka yi haka ba.

Da wannan suna ya gina rayuwarsa. In ya shiga sabon wuri sai ya faɗa da bakinsa, ya ce shi mai Asfaja ne, ba ya gane habaici, a gaya masa magana kai tsaye, kuma in bai kalle ka ba ba raini ba ne. Mutane ba su san kalmar ba, saboda haka ba su tsorace ta ba, wasu ma gani suke wani abu ne na masu ilimi. Da ita ya sami aiki a shagon magani na Tchinda, yana jera kaya yana duba waɗanda lokacinsu ya kusa wucewa. Da ita ya sami wurin zuwa duk Laraba a cibiyar nan ta sistoci, inda wata malama take zama da shi su warware abin da ya ɗaure masa kai a mako, wane ya ce kaza me yake nufi, me ya sa wance ta yi fushi. Da ita kuma ya je gaban mahaifin Eyenga, yarinyar nan mai waƙa a cocinmu, tsohon ya yi dariya ya ce ko ma mene ne wannan Asfaja, in dai ba giya ba ce kuma ba caca ba ce, ya ba shi.

To, bana Dokta Abomo ta yi ritaya ta koma garinsu. Wanda ya gaje ta yaro ne mai ladabi, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, kuma ba na zarginsa da mugunta. Da muka je ya duba Owona, sai ya ce ai wannan sunan an daina amfani da shi, manyan likitocin duniya sun tattara su duka wuri ɗaya, yanzu otizim ake cewa, sai dai a raba mataki uku, shi Owona yana matakin farko. Na ga yaron ya daskare a kujera. Ya tambayi likitan ko wancan sunan kuskure ne, likitan ya ce ba kuskure ba ne, an dai sake tsari. Ya sake tambaya, to in ba kuskure ba ne me ya sa aka cire. Likitan ya yi murmushi ya ce kada ya damu, ba cinya ba ce ƙafar baya, mutum ɗaya ne jiya da yau. Ni ma a hanya abin da na yi ta gaya masa ke nan. Ban san cewa a wurinsa ƙasa ce ta tsage ba.

Ka san halinsa, kuskure ba ya kwana a wurinsa. Washegari ya sa rigarsa mai guga ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da ya gaya musu. Na roƙe shi, na ce ɗana ka bari, babu wanda ya tambaye ka. Ya ce shekara da shekaru yana gaya wa mutane abin da ba shi ne daidai ba, yanzu ya sani, in ya yi shiru ya zama maƙaryaci. Ya je wa Fadan cocinmu, Fada ya sa masa albarka. Ya je wa Tchinda a gaban masu saye, ya ce yana so a sani shi ba mai Asfaja ba ne, otizim gare shi. Wata mata da ke tsaye ta ce wato galahanga ke nan, ta ajiye maganin da ke hannunta ta ce ita ba za ta sha abin da galahanga ya jera ba. Kafin mako ya zagayo magana ta gama layin. Tchinda ya zo har gida, ya zauna yana murza hula, ya ce wallahi bai taɓa samun ma'aikaci irinsa ba, amma ciniki da bakin mutane yake tafiya, ya ɗan huta tukuna har ƙura ta lafa. Har yau ƙurar ba ta lafa ba, kuma na ji an ɗauki wani.

Gidan su Eyenga kuwa, uban ya saurare shi har ya gama. Gwaggonninta ne suka taru daga baya. Ɗaya ta ce an yaudare su da turanci, an kawo musu galahanga a nannaɗe cikin takardar biki. Wata ta ce ta san wani yaro mai wannan ciwo a Mokolo da ake ɗaurewa da igiya, kuma abin gado ne, su ba za su haifa wa kansu wahala ba. Suka dawo mana da jarkokin bammi da akuyar da muka kai. Yarinyar ba ta juya masa baya ba, wannan zan faɗa saboda Allah. Ta zo da miyar ndole da bobolo na rogo a kwano, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana kiransa da sunan tsokanar da take masa, Malam Daidai, ta ce ita ba takardar likita za ta aura ba, ya buɗe su yi magana. Ya amsa daga ciki cewa ta yi alkawari ne da wani mutum wanda aka ce babu shi, saboda haka ta kuɓuta. Ta yi kuka sosai. Yanzu an tura ta koyarwa can garin Bertuwa, kuma na san danginta ne suka nema mata.

Na ce to ko ba komai akwai Laraba. Nan ma aka rufe ƙofa. Sista ta kira ni ofis ta ce masu ba su taimako sun ce a fara da 'yan mataki na biyu da na uku, wuri ya yi kaɗan, shi kuma matakin farko ana ɗaukarsa mai buƙatar taimako kaɗan ne. Na ce mata Sista, kaɗan a wurin wa? Ta sunkuyar da kai. Ka gani, Yaya, a shago ya cika ciwo ba zai yi aiki ba, a cibiya ya cika lafiya ba za a taimake shi ba. Ya zama jemage, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi sun ce ba nasu ba ne.

Abin da ya ƙara karya ni shi ne taron iyaye na cibiyar. Na tashi na faɗi damuwata, ina zaton a nan ne za a fahimce ni. Sai Maman Fabiris ta miƙe, matar da muka yi shekaru muna zama benci ɗaya. Ɗanta ya kusa ashirin, bai taɓa cewa mama ba, yana cizon hannunsa har jini, ita take masa wanka. Ta ce in yi mata shiru, ɗana da yake shiga tasi shi kaɗai har yana neman aure ne zan zo ina yi wa kuka. Ta ce tun da aka zuba su a kwando ɗaya, in ta ce ɗanta yana da otizim sai 'yan boko su washe baki su ce ai masu otizim haziƙai ne, wace baiwa gare shi, yana zane ne ko lissafi. Ta ce an ƙwace mata kalmar da take faɗa a gane irin wutar da take ciki. Na so in ji haushinta, na kasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ita an ɗauke mata sunan da ke nuna nauyin kayanta, ni an ɗauke wa nawa sunan da ke rufa masa asiri, kuma waɗanda suka yanke hukuncin ba su san da ni ko ita ba. Muka fito kowa ta kama hanyarta, ba mu ƙara gaisawa ba.

Na san akwai waɗanda sabon sunan ya yi wa daɗi. Wani abokinsa cikin masu irin lalurarsa da suke haɗuwa ran Asabar ya ce shi gara haka, dama bai son a riƙa fifita su a kan marasa magana. Owona ma da kansa ya karanta a waya cewa an tono munanan abubuwa game da Baturen likitan da aka sa wa lalurar sunansa, ya zo ya gaya mini fuskarsa kamar toka, ya ce ko an mayar masa da sunan yanzu ba zai iya karɓa ba. Wato gaba damisa, baya siyaki. Tsohon ya ƙazantu, sabon ya kore shi daga cikin mutane. 'Yan Asabar ɗin ma sun watse, rabi sun riƙe tsohon suna rabi sun bi sabo, suka yi ta gardama har aka daina zuwa.

Yanzu yana ɗaki. Yana cin abinci in na ajiye na fita. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, shi da ba ya yarda gashi ɗaya ya kauce. Toshe kunnen nan da ya bari tun yana yaro ya dawo. Rannan ina tsinke ganye a tsakar gida ya fito ya tsaya a kaina, ya tambaye ni a hankali, in manyan likitocin nan suka sake zama nan gaba suka canza sunan, wa zai bi ya gaya wa, tunda yanzu babu wanda ya rage masa. Na ce Allah na nan. Ya ce ya sani, ba Allah yake tambaya ba. Ya koma ciki.

Ka taɓa cewa a turo maka shi ya ga likitocin can. Na gaya masa, ya ce suna huɗu sun ishe shi, ba zai hau jirgi ya je karɓo na biyar ba. Kada ka ji haushi. Ni abin da nake roƙonka daban ne. Jinin nan nawa ba ya sauka, ƙafafuna suna kumbura, kuma tun rasuwar ubansa dangin can ba su leƙo mu ba. Da ina kwanciya da sanyin rai cewa yana da aiki, zai sami mata, akwai masu kula da shi. Yanzu in na faɗi, ban san hannun da zai faɗa ba. Nanga tana da nata nauyin, mijinta kuma ba ya sakewa da shi. Ina so ka rubuto mini da hannunka cewa in ta Allah ta kasance, ɗan ƙanwarka naka ne, ko da wane suna likitoci suke kiransa a lokacin. Kuma ka riƙa kiransa ran Lahadi bayan coci. Wataƙila ba zai yi magana ba. Ka yi haƙuri ka zauna a kan layin, kada ka ce masa suna ba komai ba ne, kowa ya gaya masa haka.

Ka gaishe mini da Anti Mengue da kyau, ka ce na gode da zanen. Ka gai da Mvondo da Bela, Allah Ya ba su sa'ar karatu, ka ce wa Bela har yanzu ina jiran hoton da ta yi mini alkawari. Gwaggo Assomo tana gaishe ka, ta ce ka dawo ta gan ka da sabon idonta kafin ta mutu. Nanga da mijinta suna gaisuwa. Na ƙwanƙwasa wa Owona na tambaye shi ko in sa maka gaisuwarsa, ya ce kada in rubuta abin da bai faɗa ba. Saboda haka ban sa ba.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Bilounga